Yuri Nikulin, Wawan da Rasha ta Binne Cikin Manya

A titin Tsvetnoy na birnin Mosko akwai tsohon gidan sakos, zagayayyen dandalin da masu tafiya kan igiya, 'yan dabo da masu wasa da dabbobi ke baje kolinsu. Tun 1996 gidan yake amsa sunan wani ɗan barkwanci, Yuri Nikulin. Mu da muka saba ɗaukar ɗan kama da wawan sarki a matsayin masu cin abinci da zubar da girma, tarihin mutumin nan ya isa ya nuna mana cewa ba da dariya sana'a ce da ake durƙusawa a koya, kuma ba ta rage wa mai ita nauyi.

An haife shi a 1921 a garin Demidov. Daga 1939 zuwa 1946 yana sanye da kakin soja, cikin masu harbo jiragen yaƙi a kewayen Leningrad. Da ya dawo, makarantun fim da na wasan kwaikwayo duk suka ƙi karɓarsa, sai ajin horar da 'yan barkwanci na gidan sakos ya buɗe masa ƙofa. Ya yi yaron gida a wurin shahararren ɗan wasa Karandash, sannan daga 1950 ya haɗa kai da Mikhail Shuidin, suka shafe shekara talatin suna wasa tare. Abin lura shi ne shigarsa: ba ya cika fuska da fenti kamar yadda aka saba. Ɗan guntun wando mai zane ne, da malfa, da takalma zabga-zabga, da fuskar mutumin da bai san me ke ba jama'a dariya ba. A wani wasansu, gungumen itace kawai suke ƙoƙarin ɗauka su biyu, kowa na neman ya sakar wa ɗan'uwansa nauyin. Ba sai an yi dogon surutu ba. Dariyar tana cikin sanin lokacin da za a dakata da lokacin da za a juyo, kuma wannan sai da shekarun atisaye.

Wani zai ce ai gwamnati ce ta raine shi, tunda hukumar Sobiyet ta mayar da gidajen sakos mallakarta tun 1919, don haka dariyarsa maganin barci ce ga talakawan da aka rufe wa baki. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, domin Nikulin bai taɓa zama ɗan adawa ba, har lambobin girma na ƙasa ya karɓa a 1973 da 1990. To amma gwamnati na iya gina dandali ta biya albashi, ba ta isa ta sa mutum ya ƙyalƙyale da dariya ba. Fim ɗinsa na 1969, wanda Leonid Gaidai ya ba da umarni, mutum fiye da miliyan 76 suka kalle shi, kuma rushewar Sobiyet ba ta sa an daina kallonsa ba. Masu cewa kuma ɗan barkwanci ba ya iya komai sai shirme, su tambayi dalilin da ya sa Andrei Tarkovsky ya ba shi rawar malamin cocin da aka azabtar, Aleksei German kuma ya ɗora shi a matsayin ɗan jaridar fagen yaƙi.

Ya bar fili a 1981 yana da shekara 60, daga baya ya zama shugaban gidan sakos na titin Tsvetnoy, a hannunsa aka sake gina shi aka buɗe a 1989. Ya rasu ranar 21 ga Agusta, 1997, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy, inda Chekhov da Khrushchev suke kwance.