Titin Toka a Unguwannin Finiks

A birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, harkar bazara ta asuba ce da ta dare. Magina kan fara aiki tun da duku-duku, masu karnuka su zaga da su kafin rana ta ɓullo, wasu har takalma suke sa musu don kada kwalta ta soye musu tafin ƙafa. Hantsi na dubar ludayi unguwa za ta yi tsit, kowa ya shige ɗaka gaban na'urar sanyaya ɗaki. A 2023 birnin ya jera kwana 31 zafin rana yana kai digiri 43 ko fiye a ma'aunin Salshiyos, kuma gundumar Marikofa da birnin ke cikinta ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu a shekarar. Sashen ƙuna na asibiti kan karɓi tsofaffin da suka yanke jiki suka faɗi a titi, kwalta ta saɓule musu fata.

Tun 2020 mazauna wasu unguwanni suka fara ganin takarda a ƙofar gida: a janye mota, gobe za a rufe layi. Sai ga motar tanki tana fesa wani ruwa mai kauri, ma'aikata na biye suna baje shi. Kafin a buɗe layin, baƙin titi ya koma ruwan toka. Haɗi ne na kwalta da ruwa da ma'adanai masu haske. Baƙar kwalta kashi 12 kacal cikin 100 na hasken rana take mayarwa sama, sauran ta shanye, ta yi ta amayar da shi cikin dare. Sabon shafen kuwa yana mayar da kashi 33 zuwa 38. Los Anjalas ta jihar Kalifoniya da ke maƙwabtaka ta riga su farawa, kuma alhazan da suka tsaya a Arfa daga 2024 sun taka irinsa a kewayen Masallacin Namira.

Masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka bi layi-layi suna awo, ciki har da Ariane Middel da kekenta mai suna MaRTy, wanda ke auna zafin da ke dukan jikin mutum ta kowace fuska. Da tsakar rana fuskar titin ta ragu da digiri 6 zuwa 7. To amma iskar da ake shaƙa ko rabin digiri ba ta sauka ba. Mai tafiya a ƙasa kuma, ashe ƙarin kusan digiri 3 yake ji, domin hasken da titin ya ƙi sha a jikinsa yake sauka. Su wa ke tafe a ƙasa da azahar a garin da kusan kowa ke da mota? Mai jiran bas, da mai aikin gida, da wanda ba shi da wurin kwana. A ganina nan ne lissafin ya ɗan karkace.

Mazauna ma suna da nasu ƙorafin. Titin na kashe ido, sawun taya da ɗigon mai suna fitowa ɓaro-ɓaro a kansa. Cikin wata 10 ƙura da zirga-zirga sun dusashe shi, abin da yake mayarwa ya koma kashi 19 zuwa 30. Daga baya aka sauya zuwa toka mai ɗan duhu. Injiniyoyi dai ba su yi nadama ba, tunda kwaltar da ba ta gasuwa sosai takan jima ba ta tsage ba, kuma zuwa 2023 an shafe fiye da kilomita 160.

Ban da shafen titi, a 2024 majalisar birnin ta amince da shirin dasa itatuwa 27,000 da kafa rumfuna 550 cikin shekara biyar, a fara da unguwannin da inuwa ta yi ƙaranci. Kowace bishiya sai an yi mata ban ruwa, ga shi kogin Kolorado da birnin ke sha daga gare shi yana ta ja da baya.