Ko Kun Sani?

Waƙar da ake tura maka a waya a Kasuwar Monday ta Maiduguri tana da mai ita, ko da bai yi mata rajista ba. A watan Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta bi 'yan satar fasaha har intanet. Yanzu mawaƙi ko marubuci na iya neman a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora shi ba izini, kuma fasa makullin da aka sa wa fim don hana kwafa laifi ne. Gumin wani ne ake rabawa a memori! A ƙarƙashin dokar, kariyar littafi tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.