Ɗan dayod mai tare wa taransisto faɗa

Makanikan da suka yi zamani da Fijo 504 sun san batirinta bolt 12 ne kacal, amma koyil na aika dubban bolt zuwa fulogi da zarar kwantak ya buɗe. Dalili kuwa, naɗin waya ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. Ƙarfin da ya tara a maganaɗisu sai ya dawo da baya, ya nemi mafita ko ta halin ƙaƙa. Heinrich Lenz ya bayyana ƙa'idar tun 1834.

A mota wannan tutsu alheri ne. A moto mai taku-taku kuwa, irin wanda ke jan takarda a firinta, masifa ce, domin ana kunna naɗinsa ana kashewa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda, kuma kowane bugu a kan taransisto yake sauka. Ɗalibin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, yana iya haɗa injin juya ƙwai, ya ji ƙauri ana gobe kare aiki, ya ɗora wa jabun kaya laifi.

Maganin dayod ne, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Ana ɗaura shi a bakin naɗin a juye, zoben da ke jikinsa na kallon wayar fosatib. Muddin wuta na tafiya, shiru yake. Tana yankewa sai ya buɗe hanya, ƙarfin ya yi ta zagaye har ya huce.

Sai dai a lura. A cikin IC masu tuƙa irin wannan moto, L293D da ULN2003 suna da nasu dayod a ciki, amma na ULN2003 ba sa aiki sai an haɗa ƙafa ta 9 da wutar moton, kuma nan ake yawan tuntuɓe. L298 tsirara yake zuwa, yana buƙatar guda 8 masu saurin amsawa, irin su 1N5819. Sanannen 1N4007 ya fi dacewa da rile, wanda shi ma naɗin waya ne a cikinsa.

Abin ya fi damuna saboda masu gyara a Zurmi da Shinkafi, inda rile ke kunna famfon burtsatse mai sola. In allo ya ƙone, sai an aika Gusau ko Kano, a kan hanyar da kowa ya san halinta, mata da yara kuma na tsaye da jarkoki. Duk mai canza taransiston da ke tuƙa rile, ya auna dayod ɗin gefensa kafin ya mayar da wuta.