Masu Riƙe da Salsala a Ƙasar Zuru

Ranar suna liman ne ke raɗa wa jariri suna, amma ba daga bakinsa yawancin jama'a ke ji ba. Ana shafa fatiha sai maroƙi ya miƙe, ya ɗaga murya yadda matan cikin gida za su jiyo: an sa wa yaro Abubakar. Ba zai tsaya nan ba. Zai ce ɗan wane, jikan wane, tattaɓa-kunnen wane da ya sari dajin da ya zama gonar gidan nan. Kafin ya kai kaka na huɗu, hannaye sun fara shiga aljihu. Mutane na ɗaukar abin roƙo ne kurum, alhali a garuruwa irin su Kanya, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta ƙasar Zuru, ƙwaƙwalwar wannan mutum da ta tsofaffin gari ita ce rajistar haihuwa tun kafin dokar 1992 da ta wajabta rajistar.

Sana'ar gado ce. Yaro yana bin ubansa gidan suna da gidan biki, yana riƙe jakar goro, kunnensa a buɗe, har ya haddace gari gida-gida. Wanda ke son ƙwarewa kuwa sai ya durƙusa gaban tsofaffin mata. Maza sun san jerin iyaye maza, amma wa ya auri wa, wace ce ta fita da ciki, wa ya sha nonon wa, wannan ilimin yana ɗakin tsohuwa. "Iya, ita kakar Tanko 'yar wane gida ce?" Amsar wannan tambaya tana iya tsayar da aure, tunda shan nono yana haramta shi, tana kuma iya raba gardamar gona a gaban hakimi ko alƙali.

Babbar wahalar aikin tana cikin sunayen kansu. Bahaushe yana da sunan yanka, amma sau da yawa ba da shi ake kiransa ba. Wanda aka haifa ran Juma'a Ɗanjuma ne, namijin da ya biyo mata Tanko, macen da ta biyo maza Kande, mai bin tagwaye Gambo, wanda ubansa ya rasu yana ciki Audi. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, wanda ya ci sunan kakansa kuma ya zama Abba ko Baba har tsufansa. Suna na biyu shi ma ba ya zama wuri ɗaya, domin ɗan Musa Garba shi ne Sani Musa, jikansa kuma Bello Sani. Garba ya ɓace cikin zuriya biyu. A masarautar Zuru abin ya ƙara kauri, saboda Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da sunayensu na harshen C'lela, kuma gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya. Sai ka samu dattijo guda yana da suna uku, kowanne da masu kiransa da shi.

Aikin soja, wanda ƙasar Zuru ta yi fice a kansa har ta fitar da janar-janar irin su Sani Sami da Ishaya Bamaiyi, ya ƙara nasa. A zamanin Turawa akawu yakan rubuta sunan kurtu, ya liƙa masa sunan garinsu ko ƙabilarsu a matsayin na biyu, kamar yadda aka samu Chari Maigumeri a rundunar Nijeriya da Alhaji Grunshi a ta Gwalkwas. Makarantar boko ma haka ta yi, shi ya sa muke da Shehu Shagari da Aminu Kano da Abubakar Gumi. Jikan tsohon soja da ya tashi a barikin Kaduna ko Legas yana iya sanin garinsu daga sunansa, amma gidansu sai ya zo ya tambaya.

Ba mu kaɗai ke da wannan rikici ba. A ƙasar Suwidin, ɗan Anders Johansson yakan zama Andersson, 'yarsa kuma Andersdotter, daidai da yadda namu ke juyawa, har zuwa dokar sunaye ta 1901. Sojojinsu ma a da sabon suna ake ba su a runduna don masu suna iri ɗaya sun yi yawa. Fiye da mutum miliyan ɗaya sun yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1850 da 1930, can kuma Johansson ya koma Johnson. Duk da haka jikokinsu na Minnesota suna gano ƙauyen kakanninsu, saboda dokar coci ta 1686 ta sa limamansu rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Nan suka fi mu.

Littafi ba ya jiran tukuici, maroƙi kuwa yana jira, kuma wannan shi ne raunin sana'ar. Idan kakan mai gida bawa ne, a tsallake shi. Idan aljihun mai nauyi ne, a kai salsalar har Gabas. Don haka mai bin asali na gaskiya ba ya tsayawa ga baki ɗaya. Yana duba tsagar gado da wanzami ya yi a fuskar tsoho, ko da yake ita ma tana ƙarewa. Yana tambayar su wa gidan ke wasan taubasantaka da su, kamar yadda Dakarkari ke yi da Zamfarawa. Yana zuwa kufai ya ga inda aka taso. Idan ɗan boko ne ya leƙa gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ko rubutun P. G. Harris na 1938 kan Dakarkari, yana karantawa da taka-tsantsan, tunda Bature ta bakin tafinta ya ji. Ƙasar Sakkwato ta yi dace da irin Waziri Junaidu, wanda ya rubuta nasabar gidan Shehu Ɗanfodiyo. Talakan ƙauye ba wanda ya rubuta tasa.

Yanzu fom ɗin NIN da na banki da na jarrabawa sun daskarar da suna na biyu, kullum mutane na kotu suna rantsuwar gyaran suna. Ga kuma 'yan bindiga, da suka kai wa Kanya kanta hari a watan Maris 2022, suna tarwatsa ƙauyuka, tsofaffi na rasuwa a gudun hijira da abin da ke kansu. 'Ya'yan maroƙa da dama sun kama wasu sana'o'in.

Mai karatu, idan da sauran tsoho ko tsohuwa a gidanku, ka je da goro da wayarka ka naɗi muryarsu. Ka tambayi sunan yanka da laƙabi na kowane kaka, da garin da aka taso, kada kuma ka manta da ɓangaren uwa.