Tarihin Maganin Tsakuwar Maɗaciya

1.0 Gabatarwa

Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta. Aikinta shi ne adana ruwan ɗacin da hanta ke samarwa, sa'annan ta tsiyaya shi cikin hanji domin narkar da maiƙo. Idan wasu sinadaran ruwan suka yi yawa, sukan daskare su zama tsakuwa. Mutane da yawa na ɗauke da ita ba tare da wata damuwa ba, amma da zarar ta toshe hanyar ruwan, sai matsanancin ciwo ya taso a saman ciki ta ɓangaren dama, wani lokaci da zazzaɓi da shawara, har takan kai ga rasa rai. Tarihin maganin wannan cuta ya ginu ne a kan tambaya guda: tsakuwar za a fitar, ko kuwa jakar da ke haifar da ita?

2.0 Kafin Zuwan Tiyata

Cutar daɗaɗɗiya ce, domin an tsinci tsakuwa a busasshiyar gawar wata mata ta tsohuwar Masar wadda ta rayu kimanin shekara 3000 da suka wuce. Haka kuma likitan Italiya, Antonio Benivieni, ya yi bayaninta a littafinsa da aka buga a 1507. Sai dai sanin cuta daban, maganinta daban. Buɗe cikin mai rai a wancan zamani tamkar yanke masa hukuncin kisa ne, don haka ƙoƙarin likita bai wuce rage raɗaɗi ba. Abubuwa biyu suka sauya lamarin: maganin sa barci da aka fara nuna amfaninsa a bainar jama'a a Amurka a 1846, da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata wadda Joseph Lister ya bayyana a Birtaniya a 1867.

3.0 Tsakuwa ko Jaka?

A 1867 ne John Bobbs ya tsaga maɗaciyar wata mata a Amurka, ya kwashe tsakuwar, ya ɗinke jakar, matar kuwa ta rayu. Illar wannan hanya ita ce tsakuwa takan sake taruwa. Carl Langenbuch, likita a birnin Berlin na Jamus, ya yi nazarin matsalar, ya fahimci cewa jakar ce tushen cutar, kuma mutum na iya rayuwa babu ita, tun da hanta ce ke samar da ruwan. Ranar 15 ga Yuli, 1882, ya cire maɗaciyar wani mutum ɗan shekara 43 gaba ɗayanta, mutumin ya warke. Likitoci sun daɗe suna jayayya a kan haka kafin ra'ayinsa ya rinjaya.

4.0 Neman Kauce wa Wuƙa

Duk da haka, ba a daina neman hanyar da ta fi sauƙi ba. A 1972 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ana iya narkar da wata irin tsakuwa da maganin sha. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka gwada farfasa ta daga wajen jiki da na'ura a Jamus. Hanyoyin biyu sun ci karo da abin da Langenbuch ya hango: muddin jakar na nan, tsakuwa na iya dawowa.

Sauyin da ya ɗore ya zo ne ta fuskar yadda ake cire jakar. A 1985 Erich Mühe na Jamus ya cire ta ta ƙaramar kafa maimakon doguwar tsaga, Philippe Mouret na Faransa ya biyo baya a 1987 da taimakon kyamara. Da farko takwarorin Mühe sun yi watsi da aikinsa, amma kafin tsakiyar shekarun 1990 hanyar ta mamaye asibitocin Turai da Amurka, saboda majiyyaci kan koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu.

5.0 Kammalawa

An ga yadda dabaru suka yi ta sauyawa, amma hukuncin 1882 bai sauya ba: idan tsakuwa ta fara damun mutum, cire jakar shi ne magani mafi inganci. Batun ya shafi ƙasar Hausa, domin masu amosanin jini sukan kamu da tsakuwar tun suna yara, saboda yawan fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu. Malamin da ya ga ɗalibinsa mai wannan lalura yana yawan kukan ciwon saman ciki, ya kamata ya shawarci iyaye su kai shi asibiti a ɗauki hoton cikin.

6.0 Tambayoyi

1. Me ya hana likitocin da buɗe cikin majiyyaci?
2. Mece ce hujjar Langenbuch ta cire maɗaciya?