Hoto Ya Tafi, Kai Ka Zauna

Maigida, in an ɗauki hoton ƙirjinka a asibiti, sa'an nan aka ce maka, "Dakata, mun aika da hoton," kada ka zaci wasa ake yi da kai.

Ɗaukar hoto daban, karanta shi daban. Tun a 1895 wani Bajamushe ya gano hasken nan mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Ɗaukar ba ta da wuya, amma gane ɗan tabon da ke cikin huhu sai ƙwararren likita. Irinsu kuwa kaɗan ne, galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Kano, da Sakkwato, da Maiduguri.

Dā sai mutum ya sayar da akuya, ya rungumi hotonsa cikin ambulan, ya hau mota da ciwonsa. Yanzu a asibitin da ke da sabuwar na'ura, hoton kwamfuta yake shiga. Sai a tura shi ta intanet, likita ya duba daga can, ya aiko da amsa. In akwai wuta da sabis, ba ya daɗewa. In babu, sai haƙuri.

To, nan ne ake yin ɓarna. Na taɓa tura wani manomi mai tari. Aka ɗauki hoto, ya gaji da jira, ya koma gona. Amsa ta zo, ashe lambar wayar da ya bayar ba ta aiki. Sai bayan girbi ya zo mini ɗakin shan magani, ya rame, ɗansa ma yana tari.

Saboda haka ka ba da sunanka daidai, da lambar da za a same ka, ka adana katinka. Ka faɗi tun yaushe ciwon ya fara, gama likitan can ba ya ganinka, hoto da takarda kaɗai yake gani. Mace mai ciki ta faɗa tun ba a ɗauka ba. Kada kuma ka dogara ga hoton da aka ɗauka da wayar hannu a jikin taga. Ƙananan tabo ɓacewa suke yi.

In likita ya ga alamar tarin fuka, za a gwada majinarka a tabbatar. Maganin kyauta ne a asibitin gwamnati, wata 6 ake sha. Wanda tarinsa ya kai mako 2, ya zo mu rubuta masa takarda.