Idan Waya Ta Katse, Wa Zai Saurari Mai Ƙunci?

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda 'yan bindiga. Wanda ƙunci ya kai shi ga tunanin halaka kansa ba shi da lambar kira a lokacin, sai maƙwabci ko liman.

Ko a Wurno yau, su ne mafi kusa. Haramun ne mutum ya kashe kansa, amma tsoratarwa kaɗai ba ta warkar da matar da aka kashe wa miji. A tambaye ta kai tsaye, a saurare ta, a ɗauke fiya-fiya daga ɗakinta, kada ta kwana ita kaɗai. Inda waya ke shiga a kira 112, sannan a raka ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.